Bin Salsalar Korona: Littafin Aikin Gina Bishiyar SARS-CoV-2

3 ga Fabrairu, 2025

Aikin da na sa a gaba shi ne in gina bishiyar salsalar ƙwayar cutar korona, SARS-CoV-2, da hannuna, a kan ƙaramar kwamfutata, daga bayanan da masu bincike suka saka a buɗe. Ina so in ga yadda ƙwayar ta riƙa sauyawa daga Wuhan a ƙarshen 2019 har zuwa nau'in JN.1 da 'ya'yanta, da yadda kowane nau'i ya tsallaka daga wani yanki na duniya zuwa wani. Zan riƙa rubuta abin da ya yiwu da wanda ya ƙi, saboda wanda zai bi wannan hanya a bayana.

Yau na sauke jerin tushe, wanda ake auna duk sauran da shi. Jeri shi ne haruffan gadon ƙwayar, a rubuce ɗaya bayan ɗaya. Sunansa Wuhan-Hu-1, lambarsa a rumbun GenBank MN908947. Zhang Yongzhen na Shanghai da Edward Holmes na Sydney ne suka sake shi ga duniya ranar 11 ga Janairu, 2020. Haruffa 29,903 ne, A da C da G da T, jere ba waƙafi ba aya, yana ƙarewa da doguwar wutsiyar A zalla. Yankin da zan fi zuba wa ido shi ne daga harafi na 21,563 zuwa na 25,384. Nan aka rubuta yadda ake ƙera furotin ɗin ƙaya, wanda ƙwayar ke kama ƙofar ACE2 da shi ta shiga ƙwayoyin jikin mutum.

Kayan aiki: Nextclade don jerawa da sa wa kowane jeri sunan danginsa, IQ-TREE don gina bishiya, TreeTime don sa mata shekaru, Auspice don kallo. Duk kyauta ne. Tsadar aikin tana wajen data, sararin ajiya da lokaci.

5 ga Fabrairu

Rumbuna biyu ne manya. GISAID ya fi yawa, jeri sama da miliyan 16, amma sai an yi rajista, kuma akwai sharuɗɗa kan sake raba abin da ka ɗauka. GenBank a buɗe yake ga kowa. Tunda ina so duk wanda ya karanta wannan ya iya maimaita aikin, na zaɓi na buɗen, wanda ƙungiyar Nextstrain ta riga ta tace ta tara wuri guda.

Teburin bayanan rakiya kaɗai, wato ƙasa da ranar ɗaukar samfuri da sunan dangi, layi miliyoyi ne. Manhajar tebur ta yau da kullum ta ƙi buɗe shi. Sai da na koyi yanka shi ta layin umarni.

6 ga Fabrairu

Saukar da jerin kansa. Gigabait da dama ko a matse. Ya katse a hanya, na ci gaba daga inda ya tsaya.

10 ga Fabrairu

Cikas na farko. Na so in jera dubban jeri da manhajar MAFFT ta hanyar da ake kwatanta kowanne da 'yan uwansa. Kwamfutar mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8 ce. Fanka ta yi ta kuka, linzami ya daina motsi, can sai manhajar ta mutu ba tare da ta bar komai ba. Yammaci guda ya tafi a haka.

Mafita biyu. Ta farko, jerawa da tushe: a ɗauki kowane jeri shi kaɗai a daidaita shi da Wuhan-Hu-1, wanda shi ne abin da Nextclade ke yi. Tunda duk jerin korona kusan iri ɗaya ne, bambancinsu haruffa kaɗan cikin kusan 30,000, wannan ya wadatar, kuma cikin mintuna ya gama abin da waccan hanya ta kasa. Ta biyu, tsamo samfuri. Ba mai gina bishiyar miliyoyi a kan irin wannan kwamfuta. Masu yin haka suna amfani da UShER, wadda ke liƙa sabon jeri a jikin bishiyar da aka riga aka gina. Ni zan tsaya a kusan dubu uku, in watsar da duk jerin da gibinsa ya yi yawa.

Na kuma rufe haruffa 55 na farko da 100 na ƙarshe, domin a nan na'urorin karatu suka fi yin kuskure.

13 ga Fabrairu

Bishiyar farko ta fito, ta watannin farko na 2020 kawai. Na daɗe ina kallonta.

Abin da ya sa bishiya take yiwuwa: ƙwayar tana kwafar kanta ne kamar ɗalibin da ke kwafar littafi da hannu. Kuskuren da ya shiga kwafi ɗaya, duk wanda ya kwafa daga gare shi zai gaje shi, ya kuma ƙara nasa. Idan ka tara kwafi da yawa ka duba su wa suka yi tarayya a wane kuskure, ka san wa ya fito daga wa. Dangin korona suna da wani furotin, nsp14, mai bin bayan kwafi yana gyara, shi ya sa suke sauyawa a hankali fiye da ƙwayar mura.

A gindin bishiyar rassa biyu ne, A da B, kuma haruffa biyu kacal suka raba su: na 8,782 da na 28,144. Wuhan-Hu-1 tana cikin B. Reshen A shi ne ya fi kama da ƙwayoyin jemage a waɗannan gurabe biyu, amma B ne ya cinye duniya. Cikin B ɗin kuma wani reshe ya fita ya danne kowa, mai sauyi a harafi na 23,403, inda A ta koma G. Wannan shi ne D614G, wato amino asid (tubalin da ake gina furotin da shi) na 614 a jikin ƙaya ya tashi daga D ya koma G. Ba ya tafiya shi kaɗai. Duk inda na gan shi, wasu sauye-sauyen haruffa uku, C241T da C3037T da C14408T, na biye da shi. A Janairu da ƙyar ake ganinsa, a Maris ya cika Turai, kafin tsakiyar shekara kusan babu wani sai shi.

An yi jayayya mai ƙarfi a kansa a lokacin. Bette Korber da abokan aikinta na Los Alamos suka ce sauyin yana ƙara saurin yaɗuwa. Wasu suka ce sa'a ce kawai, shi ne ya riga shiga Italiya a daidai lokacin da cutar ta ɓarke a can. Gwaje-gwajen ɗakin bincike daga baya sun nuna lallai yana sa ƙayar ta fi saurin kamu, ba tare da ya ƙara tsananin ciwo ba. Na ga dalilin jayayyar yanzu. Daga bishiya kaɗai, reshe mai ƙarfi da reshe mai sa'a kamarsu ɗaya.

17 ga Fabrairu

TreeTime ta ba ni sakamako marar kan gado: wai kakan ƙwayar ya rayu shekaru kafin 2019. Na zana hoton da ake dubawa a irin wannan hali, ranar ɗaukar samfuri a kwance, yawan sauyi daga gindi a tsaye. Ya kamata ɗigogin su hau bisa layi ɗaya. Mafi yawa sun hau, amma wasu sun warwatse nesa, kuma su ne ke jan layin.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu shekara kawai aka rubuta musu, sai manhaja ta ɗauke su a matsayin 1 ga Janairu. Wasu an juya rana da wata. Akwai wani rukuni daga wani ɗakin gwaji, dukansu Delta ne tsantsa, amma an rubuta farkon 2020, lokacin da babu Delta a duniya. Da alama shekarar ce aka buga ba daidai ba, kuma kuskuren ya bi duk rukunin. Ban ga laifin masu shigarwa ba. Mutane ne da suka yi aiki dare da rana a tsakiyar annoba.

Na cire duk wanda ba shi da cikakkiyar rana, na kunna matatar agogo mai watsar da ɗigon da ya yi nisa da layi. Gindin ya dawo ƙarshen 2019. Gudun agogon, wato saurin da sauyi ke taruwa, ya tsaya kusa da 0.0008 ga kowane harafi a shekara, wato sauyi kamar 24 a shekara, biyu a wata. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani.

18 ga Fabrairu

Tsabtace teburi. Sunan ƙasa ɗaya an rubuta shi ta hanyoyi daban-daban. Na haɗe su.

24 ga Fabrairu

Wannan shi ne cikas mafi girma zuwa yanzu, kuma shi ya sauya mini tsarin aikin gaba ɗaya.

Na sa manhaja ta ƙiyasta a wace ƙasa kowane kaka a cikin bishiyar ya zauna, don in zana kibiyoyin tafiya a kan taswira. Abin da ya fito: kusan kowace kibiya daga Ingila take tashi. Nau'o'in Afirka daga Ingila, na Asiya daga Ingila, har wasu rassan Kudancin Amurka. Na sake gudanarwa, amsar ba ta canza ba.

Na tura wa malamin da ke duba mini aikin, na ce, "Malam, don Allah ku duba mini, ko akwai inda lissafin ya karkace." Ya ce lissafin lafiyarsa lau, in je in ƙirga jeri nawa kowace ƙasa take da shi a cikin samfurina.

Da na ƙirga sai komai ya fito fili. Birtaniya ta kafa COG-UK tun Maris 2020, haɗakar jami'o'i da hukumomin lafiya don karanta jerin ƙwayar, kuma zuwa ƙarshen wannan shekara kusan rabin jerin da duniya ke da shi daga can ya fito. Na tsamo samfurina ne ba zaɓe, don haka ya gaji wannan rinjaye. Manhajar ba ta san yawan masu cuta a kowace ƙasa ba, yawan jeri kawai ta sani. Idan wani reshe ya yi watanni yana yawo a ƙasar da ba a karanta jeri, sai matafiyi ɗaya ya kai shi Landan aka karanta, to a idon bishiya a Landan aka haife shi. Rumbun buɗen da na zaɓa ya ƙara dagula lamarin, domin ƙasashe da yawa a GISAID kaɗai suke ajiye nasu.

Wannan ya dame ni fiye da yadda na zata. Duk taswirar da na taɓa gani ta yaɗuwar korona tana ɗauke da wannan karkata, kaɗan ko da yawa. Inda aka fara ganin nau'i yana nufin inda akwai na'ura, da sinadarai, da mutumin da ke zaune yana dubawa. Nahiyar Afirka gaba ɗaya sai a 2022 ta kai jeri 100,000, kuma kaso mai tsoka daga Afirka ta Kudu ne. Na farko a nahiyar an karanta shi ne a cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's a Najeriya, ƙarƙashin Christian Happi, a farkon Maris 2020. Ƙwarewa akwai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan aiki da ɗorewarsu.

28 ga Fabrairu

Na sake tsamo samfuri: adadi ɗaya daga kowace nahiya a kowane wata, kuma cikin nahiya a raba tsakanin ƙasashe. Kibiyoyin Ingila sun ragu sosai. Gibin bai tafi ba, domin akwai watannin da wasu ƙasashe ba su da ko jeri ɗaya, kuma babu lissafin da zai ƙirƙiro abin da ba a ɗauka ba. Na yanke shawarar ba zan zana kibiya ba sai inda manhajar ta nuna tabbaci mai ƙarfi. Sauran in bar su toka-toka.

Cikin sabuwar bishiyar na ga B.1.177, reshen da ya tashi a Sifaniya a bazarar 2020, mai sauyin A222V. Zuwa kaka ya zama mafi rinjaye a ƙasashen Turai da dama. Emma Hodcroft da abokan aikinta sun bincika ba su sami shaidar cewa ya fi sauran saurin yaɗuwa ba. Masu yawon hutu ne suka kwashe shi suka kai gida bayan an buɗe iyakoki. Ga misalin reshe mai sa'a, wanda na rasa lokacin da nake tunanin D614G.

4 ga Maris

Na shiga ƙarshen 2020. A nan bishiyar ta canza kama. Maimakon gajerun rassa masu sauyi ɗaya ko biyu, sai ga dogaye guda uku, kowanne a nahiyarsa.

Alfa, B.1.1.7, samfurinta na farko daga Kent ta Ingila ne, 20 ga Satumba, 2020. Beta, B.1.351, an gano ta a yankin Nelson Mandela Bay a Afirka ta Kudu, ƙungiyar Tulio de Oliveira ta Durban ta bayyana ta a Disamba. Gama, P.1, daga Manaus ta Brazil, amma labarinta ya fara fita ne daga Japan a Janairu 2021, inda aka gan ta a jikin matafiyan da suka dawo daga jihar Amazonas.

Na sa Auspice ta rina bishiyar da gurbi na 501 na ƙaya. Dukansu uku suka ɗauki launi ɗaya: N501Y. Na bi rassan zuwa ƙasa in ga ko gado ne daga kaka guda. Ba gado ba ne. Tsakaninsu akwai ɗimbin rassa marasa wannan sauyi, wato kowannensu shi ya samo nasa. Na rina da gurbi na 484: Beta da Gama duk E484K. Gurbi na 417: Beta ta koma N, Gama ta koma T. Cikin amino asid 1,273 da ke jikin ƙaya, ƙwayoyi a nahiyoyi uku, waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba, sun nufi gurabe guda cikin watanni kaɗan.

Wannan ba sa'a ba ce, kuma a nan ne na ga zaɓin halitta da idona. N501Y na ƙara ƙarfin riƙon ACE2. E484K na rage kamun da sojojin garkuwar jiki ke yi wa ƙayar, kuma ta bayyana ne a wuraren da jama'a da yawa suka riga suka kamu a zagayen farko. Manaus ta sha wuya a 2020, amma a Janairu 2021 asibitocinta suka rasa iskar oksijin. Idan sauyi ɗaya ya sake bayyana a wurare daban-daban, kuma duk inda ya bayyana reshensa ya bunƙasa, wannan shaida ce da karkatar samfuri ba ta iya ƙirƙirowa. Ga abin da zan iya dogara da shi a bishiyar, ko da kibiyoyin tafiya sun kasance abin shakka.

Wani abu da ya burge ni game da Alfa: ta rasa amino asid na 69 da 70 a ƙaya. Gwajin gano cutar mai suna TaqPath yana neman wurare uku a jikin ƙwayar, ɗayansu ya faɗo daidai kan wannan gibi. Sai gwajin ya riƙa nuna biyu sun kama, na ƙaya ya ɓace. Da wannan aka riƙa ƙirga yaɗuwar Alfa a Ingila ba tare da an karanta kowane jeri ba.

7 ga Maris

Delta, B.1.617.2, daga Indiya. L452R, T478K, da P681R a bakin wurin da ake tsaga ƙaya kafin ta shiga. Alfa ma ta taɓa gurbin 681, tata ta koma H.

Matsalar yau: sauyin G142D yana bayyana yana ɓacewa a cikin reshen Delta, a nan akwai, a maƙwabcinsa babu, kamar ƙwayar tana komawa baya tana dawowa. IQ-TREE ta ɗauki wannan da gaske, ta tsattsaga reshen ta inda bai kamata ba.

Bincike ya kai ni ga yadda ake karanta jerin tun asali. Ba a karanta shi a dunƙule. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa kusan ɗari, kowace gunduwa da 'yan guntayen kamu guda biyu da ke riƙe bakinta. A bugu na uku na ARTIC, ɗaya daga cikin tsare-tsaren wannan yanka, guntun kamu na gunduwa ta 72 ya faɗo daidai inda Delta ta yi gibi, wajen amino asid na 157 da 158. Gunduwar sai ta ƙi fitowa, kuma gurbi na 142 a cikinta yake. Wasu manhajoji suka cike wurin da harafin tushe maimakon su bar shi fanko. Theo Sanderson da Jeffrey Barrett sun yi bayanin wannan a 2021. Wato ƙwayar ba ta koma baya ba, ta sauya ne har ta kuɓuce wa abin da ake karanta ta da shi. Na rufe gurbin a duk jerin Delta, reshen ya haɗe.

Na kuma sauke jerin guraben da aka san suna da matsala na rufe su duka. Gina bishiyar ya ɗauki dare guda.

11 ga Maris

Ƙananan nau'o'in 2021. Eta, B.1.525, wadda aka fara gani a Birtaniya da Najeriya a Disamba 2020, ita ma da E484K da gibin 69 da 70. Delta ta share su duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara sa sunayen haruffan Girka ne ranar 31 ga Mayu, 2021, don a daina kiran nau'i da sunan ƙasa.

15 ga Maris

Omikron. Na zaci daga Delta za ta fito, tunda Delta ce ke mulki a lokacin. Ba haka ba. Reshenta ya taso ne daga can ƙasa, daga dangin B.1.1 na tsakiyar 2020, ya miƙe dogo babu ko ɗan reshe a jikinsa, sai a Nuwamba 2021 ya fashe. Sauyi kusan 50, sama da 30 a ƙaya kaɗai. A allon kwamfuta wani siririn layi ne da ya ratsa fiye da shekara guda ba tare da samfuri ko ɗaya a kansa ba.

Masana sun kawo bayani uku: ta yi ta yawo a inda ba a karanta jeri, ko ta shiga wata dabba ta dawo, ko ta zauna watanni a jikin mutum ɗaya mai raunin garkuwa. Ni na fi karkata ga na uku. An bi wani majiyyaci a Cambridge sama da kwana 100, aka ga gibin 69 da 70 ya bayyana a jikinsa bayan an ƙara masa ruwan jinin waɗanda suka warke. An bi wata mata a Durban mai cutar HIV da ba a shawo kanta ba, ƙwayar ta zauna a jikinta kwana 216 tana tara irin sauye-sauyen Beta. A irin wannan jiki garkuwa tana matsa wa ƙwayar amma ba ta iya kashe ta, kuma babu samfurin da zai shiga rumbu sai ranar da ta fita. Wannan ya dace da siffar reshen. Ya kuma nuna cewa kula da masu raunin garkuwa, a ba su magani su warke, aikin kare kowa ne.

Yadda aka gano ta shi ne ya tsaya mini a rai. Sikhulile Moyo da abokan aikinsa a Gaborone ta Botswana suka lura da jerin da bai yi kama da komai ba, daga samfuran 11 ga Nuwamba. Gwamnatin Botswana ta ce baƙi ne da suka shigo ƙasar kan aikin diflomasiyya. A Gauteng ta Afirka ta Kudu kuma aka ga alamar ƙaya ta fara ɓacewa a gwaji, irin yadda ta yi da Alfa. Ranar 24 ga Nuwamba aka sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya, ranar 26 ta sa mata suna. Cikin kwanaki Birtaniya da Amurka da Tarayyar Turai suka rufe wa kudancin Afirka ƙofa. Daga baya hukumar lafiya ta Holan ta sami Omikron a samfuranta na 19 da 23 ga Nuwamba, kafin sanarwar da rufe ƙofar. Rufe ƙofar bai tsare komai ba, ga shi jiragen da aka soke su ne masu kawo wa ɗakunan gwajin sinadaran aiki. Mutane sun duba da kyau, sun faɗi gaskiya da wuri, aka saka musu da wariya. Duk ƙasar da ta ga haka ta koyi cewa yin shiru ya fi sauƙi, kuma wannan hasara ce ga kowa. Abin da na gani ranar 24 ga Fabrairu a matsayin matsalar lissafi, ga shi nan ya zama hukunci a kan miliyoyin mutane.

19 ga Maris

Na ƙirga ire-iren sauyi a duk bishiyar. C zuwa T ya fi kowanne yawa nesa ba kusa ba. Ana danganta shi da sinadaran APOBEC na jikinmu, masu lalata jerin ƙwayoyin cuta. Na kuma nemo reshen dabbar mink ta Denmark, mai sauyin Y453F, wanda ya sa gwamnatin ƙasar ta ba da umarnin kashe mink kusan miliyan 17 a Nuwamba 2020. Ɗan gajeren reshe ne, ya mutu a nan.

24 ga Maris

Nau'in XBB ta ƙi zama. Duk gudanarwa sai ta koma wani wuri a cikin dangin BA.2, wani reshen Omikron, kuma kullum a kan dogon reshe mai sauye-sauyen da aka riga aka gani a wani wajen.

Dalili: bishiya tana ɗauka kowane jeri uba ɗaya gare shi. XBB biyu gare ta. Idan nau'i biyu suka haɗu a ƙwayar jiki ɗaya, na'urar kwafi tana iya fara kwafar wannan ta tsallaka ta ƙarasa da wancan. Ɓangaren farko na XBB daga BJ.1 yake, na ƙarshe daga BM.1.1.1, mahaɗar tana tsakiyar yankin kamu na ƙaya. Shi ya sa Pango, tsarin sa wa dangogin ƙwayar suna, ke fara sunan irin waɗannan da X. Ta bayyana a 2022, ta tayar da zagaye a Singafo a Oktoba, 'yarta XBB.1.5 kuma ta mamaye Amurka a farkon 2023.

Na raba jerin gida biyu a mahaɗar, na gina bishiya ga kowane ɓangare. A ta farko XBB ta zauna kusa da BJ.1, a ta biyu kusa da BM.1.1.1. Aikin ya ninka lokacin na'ura, amma ya warware. A babbar bishiyar zan sa wa duk masu X alama ta daban, don kada mai kallo ya ɗauki tsawon reshensu da gaske.

29 ga Maris

Na kai ƙarshen 2023. BA.2.86 ta maimaita abin da Omikron ta yi: dogon reshe daga tsohuwar BA.2, sauyi sama da 30 a ƙaya, jerin farko daga Denmark da Isra'ila a Agusta. Ta yi tafiyar hawainiya har sai da ta ƙara L455S ta zama JN.1, sannan ta kore dangin XBB cikin 'yan watanni. Ba wanda ya ce a Denmark aka haife ta. Kowa ya fahimci cewa Denmark tana cikin ƙasashen da ba su daina dubawa ba.

Tun bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci ranar 5 ga Mayu, 2023, yawan jerin da ake sakawa ya faɗi ƙwarai. A samfurina na 2024 akwai watannin da ban iya cike adadin Afirka da Kudancin Amurka ba, duk da adadin ƙarami ne. Toka-toka ya yi yawa a wannan gefe na taswirar.

Mataki na gaba: in nemi rajistar GISAID, in sake gina bishiyar da jerin Afirka da Asiya da babu a rumbun buɗe, in kwatanta kibiyoyi biyun in ga nawa ne za su juya. Kusa da kowace taswira zan sa ta biyu mai nuna jeri nawa kowace ƙasa ta bayar a wannan wata. Sannan in fara koyon Freyja, manhajar da ke warware nau'o'i daga samfurin ruwan kwata, tunda samfuri ɗaya na iya wakiltar gari guda. Hakan zai buƙaci ƙarin ma'ajiya ta waje, domin ɗanyen karatun na'ura ya fi jerin da aka gama girma sosai, kuma sararin kwamfutar ya kusa cika. Malam ya ce zai turo mini bayanan gwaji na ruwan kwata a mako mai zuwa.